Ƙafar Rabi

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Wannan littafin na awon ɗalibai ne, amma rabinsa na baya fari ne fat, shi ya sa zan riƙa rubutu a ciki. In na yi magana a ɗakin malamai, kafin la'asar ta isa inda ba na so.

Shekara tara ke nan ina koyar da wasannin motsa jiki a kwalejin nan, ban taɓa ganin takarda irin wadda Direkta Maliki, shugaban kwalejin, ya miƙo mani makon jiya ba. Daga Yamai ta fito. Kowane malamin wasanni ya auna ɗalibansa: tsayi, nauyi, tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa diddige, gudun mita talatin, sannan dogon tsalle. Wai so ake a gane wane irin jiki ne ya fi yin nisa, a kuma fitar da waɗanda za su yi wasa gaban manyan soja ranar bikin sha biyar ga Afrilu, na tunawa da hawansu mulki.

Yau na gama aji biyu. Na duba awon da na yi masu a Oktoba. Ba wanda bai rage ba. Wani kilo uku, wani biyar. Takardar ba ta bar wurin rubuta abin da ɗalibi ya ci ba, amma na tambaya. Garin rogo da ruwa. Jar dawar taimako, wadda ko kaji sai sun ja baya kafin su tsattsage ta. Mutum uku suka ce ba komai.

Na ce ma Direkta, "Yaran nan da yunwa suke gudu."

Ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe Lawali, awo aka ce ka yi, ba wa'azi ba."

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Rabi Tanimu, aji na uku. Ɗiyar wani manomi ce a Jiratawa, tana zaune wurin gwaggonta nan Maraɗi saboda karatu. Tsayi mita ɗaya da saba'in da ɗaya. Ƙafa santimita casa'in da takwas. Mita talatin ɗin, kafin in gama danna agogo ta wuce ni. A Oktoba ta yi tsallen mita huɗu da casa'in, ba takalmin kirki, ba wanda ya taɓa koya mata. Ita ma ta rage kilo huɗu, amma gudun na nan.

Layin tsalle a takardar na bar shi fari ga kowa, don ba mu da rami. Tun Janairu aka zo da kamiyo, babbar motar kaya, aka kwashe yashinmu, aka ce za a baje shi a filin fareti. Abin da ya rage jar ƙasa ce, rana ta gasa ta, ta yi tauri kamar daɓe. Sau uku ina rubuta takarda a kawo mana yashi daga Gulbi. Gulbin da ya bushe, yashi ne kaɗai ya rage masa, amma shi ma sai an sa hannu a wurare huɗu.

Rabi ta ce, "Mushe, yaushe za mu yi tsallen?"

Na ce sai an gyara rami. Ta ce ita ƙafafunta har ƙaiƙayi suke yi.

Laraba, 13 ga Maris, tsakar rana

Direkta ya kira ni ofis, yana ta goge gumi. Jibi Juma'a wani Kaftin zai zo ya ga yadda ake shirin biki. An ba shi labarin tsallen Rabi, yana son ya gani da idonsa.

Na ce, "Ramin fa?"

Ya ce, "Ka san yadda za ka yi."

Na ce ban sani ba. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya tuna mani malamin lissafin da ya yi gardama bara, wanda yanzu yake koyarwa can arewa inda mota ke zuwa sau ɗaya a wata. Ya tambayi lafiyar Tasalla, matata, da tsohuwata da ke kwance a Tsibiri. Bai taɓa tambayar lafiyarsu ba sai yau.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan la'asar

Amalanke biyu na yashi na samu. Ramin mita takwas ne. Daga nesa ya yi kyau.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan magariba

Ba zan rubuta abin da ya faru a filin ba. Ƙarar dai, kamar an taka busasshen kara. Kaftin ya duba agogonsa ya ce a kai Rabi asibiti, ya shiga motarsa shi da Direkta. Mu kuma a bayan motar wani ɗan kasuwa muka ɗauke ta.

Ƙarfe goma da rabi muka isa ɗakin da suke ce ma irjansi, inda ake karɓar wanda abu ya faɗa ma farat ɗaya. Gado huɗu, mutum ya fi talatin. Mutanen arewa da fari ya koro sun cika baranda, mata riƙe da ƴaƴa masu ƙyanda, idanu duk kwantsa. Ƙasa muka shimfiɗe ta, kusa da wata roba mai ruwan da ban san launinsa na asali ba. Ƙudaje sun riga likita zuwa. Na cire rigata ina kore su daga wurin da ƙashin ya fito.

Wari. Fitsari, mugunya, da wani magani da aka yayyafa sama-sama don a ce an yi shara. Ya fi warin kansa tada zuciya.

Babban ma'aikacin ɗakin, Majo Abdulmutallib, ya leƙa ya ce, "Karaya ce," kamar ni ban gani ba. Ya ce a jira. Muka jira. Aka tafi Juma'a aka dawo, muna nan. Wani tsoho da ke kwance dab da kanta ya cika wajen ƙarfe ɗaya. Ɗansa ya rufe shi da rawani. Sai bayan uku aka zo aka ɗauke shi, kuma kafin tabarmar ta huce an kwantar da wani.

Rabi ba ta yi kuka ba. Ta cije gefen ɗankwalinta har ta huda shi. Da ta yi kuka da ya fi mani.

Bayan la'asar Majo ya zo ya wanke ciwon. Da ruwan robar nan ya wanke. Na ce, "Majo, wannan ruwan?" Ya ce, "Kana da wani?" Ba a ɗauki hoton ƙashi ba, wai abin ɗaukar ya ƙare tun watan jiya. Ya ɗaure da tsumma da katako biyu, ya yi mata allura ɗaya.

Abu guda ne sabo a ɗakin. Wani akwati a jikin bango, an shafa masa koren fenti, yana ta sheƙi. Soja na zaune kan kujera kusa da shi, bindiga a cinya. Ita ce kujera ɗaya tak a ɗakin.

Na wanke hannu sau uku. Tasalla ta kawo tuwo, na ce na ci a gari.

Asabar, 16 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Malam Tanimu, mahaifinta, ya iso da hantsi a kan keke, ƙafafunsa da laka har ƙauri, daga wurin ban ruwa aka je aka faɗa masa. Dogo ne kamar ita. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Mushe, an ce kai ka ɗauko ta, kai ka tsaya kanta wuni guda. Allah shi saka maka. Allah shi ba ka masu yi maka."

Na ce amin. Mi zan ce?

Yau na san aikin koren akwatin. Umarni ne daga sama: duk wanda aka karɓa a irjansi, shi ko danginsa, sai ya cika takarda ya faɗi yadda ya ga aikin, ya jefa ta a akwatin. Da Faransanci take. Gida uku ne a ciki na yin alama. Na gamsu ƙwarai. Na gamsu. Na gamsu daidai gwargwado. Na juya bayanta ina neman na huɗu, babu.

Majo ya miƙo mani bik, abin rubutu, ya ce, "Kai malami ne, taimaka ma dattijo."

Malam Tanimu ya ce, "Mi aka rubuta ciki?"

Na fassara masa. Ya dubi sojan, ya dubi ɗiyarsa a ƙasa. Ya ce, "Rubuta mun gode. A hannunsu take."

Na yi alama a gida na farko. Ya dangwala yatsa.

Da mutane suka ga akwai mai bik, sai layi. Wata mata mai goyo, wani mai ƙunar wuta, wani Buzu da ko Hausa ba ya ji sosai. Ɗan tsohon jiya ma ya dawo, wai an ce ba za a ba shi takardar mutuwa ba sai ya cika wannan. Na tambaye shi wane gida. Ya ce duk wanda ya fi sauri.

Takarda goma sha huɗu na cika. Duka sun gamsu ƙwarai. Rubutuna mai kyau ne, kowa na faɗa.

Lahadi, 17 ga Maris, da safe

Tasalla ta wanke rigar sau biyu. Ta ce ita ba ta jin komai. Ni ina ji.

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na shiga makaranta na tarar da ramin cike da yashi. Fari, mai laushi, har ya yi tozo. An ce ranar Asabar kamiyo ya kawo, ba a ko nemi sa hannun kowa ba. Na tura hannu har gwiwar hannu ban taɓa ƙasa ba. Na zauna a bakin ramin na daɗe.

Direkta na son rahoto kafin ƙarshen mako. Ya ma riga ya tsara mani yadda zai kasance. Ɗalibar ta yi kuskuren taka katako. Jikinta ba shi da ƙarfin ɗaukar saukar, kamar yadda awon malaminta ya nuna.

"Kilo nawa ka ce ta rage?"

Na ce huɗu.

"To ka gani. Sa wannan a ciki. Ilimi ne."

Na ce, "Ranar da na ce yunwa, wa'azi ka kira shi."

Ya yi dariya, har da buga tebur. Ya ce shi ya sa yake so na, ba na mantuwa. Sannan ya daina dariyar ya ce, "In aka tono maganar ramin, ka tuna wa ya riƙe shebur. Ni ban riƙe ba."

Yana magana yana cin gyaɗa, ɓawon na maƙale a leɓensa na ƙasa. Ban iya kallon komai ba sai ɓawon nan.

Laraba, 20 ga Maris, bayan la'asar

An samo mata gado. An kuma sa mata siminti tun daga yatsu har cinya, a kan ciwon, ba a bar ko ƴar kafa ba. Na tambayi wanda ya sa, ya ce haka ake yi.

Jikinta zafi rau. Gwaggonta na yi mata fifita da murfin kwano. Na kai mata lemo, ba ta sha ba.

Ta ce, "Mushe, mita nawa na yi?"

Na ce ba a auna ba.

"Na ji kamar na wuce biyar."

Na ce ni ma haka na gani. Wannan kam ba ƙarya ba ce. Ta wuce biyar. Da mita huɗu ta yi, da ta sauka inda na fi zuba

Ba zan ƙarasa ba.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yatsun sun kumbura, sun yi duhu. Mutanen gadon kusa sun ja tabarmarsu baya. Kowa da gefen mayafi a hanci.

Na sami Majo bayan ɗakin yana shan taba. Na ɗaga masa murya, ban san ina da ita ba. Ya bari na gama. Ya ce likitan fiɗa ya tafi taro Yamai, sai Litinin, kuma shi ba shi da izinin fasa simintin da ba shi ya sa ba.

Na ce, "To ta mutu da izini?"

Ya jefar da guntun tabar. "Mushe, mu uku ne a ɗakin can, dare da rana. Auduga babu. Ruwan famfo sai ya ga dama. Jiya da hannuna na rufe yara biyu. Kowace Asabar kuma sai na kai takarda ɗari daga akwatin can. In ba su cika ba, ni ke zama in cika su, ina sauya bik don kada a gane. Na rubuta ƙorafi sau ɗaya, aka ce a ina ake ƙorafi, ga mutane duk sun gamsu?"

Ya dube ni. "An ce rubutunka mai kyau ne. Ka rage mani aiki ranar nan."

Na so in tofa masa yawu. Bakina ya bushe. Kuma ban tabbata fuskarsa ce ta fi cancanta ba.

Asabar, 23 ga Maris, bayan magariba

Malam Tanimu ya ce ba zai jira Litinin ba. Akwai maɗori a Tsibiri, Malam Idirisa, layi biyu tsakaninsa da gidana. Na ce a kawo ta wurinmu, Tasalla za ta kula da ita.

Kafin a bar mu mu fita, sai takarda biyu. Ɗaya ta cewa da kansa ya ɗauke ta, asibiti ba ruwansa. Ɗayar ta koren akwati. Majo ya miƙo mani bik, na sa hannuwana a aljihu. Ya ɗaga kafaɗa ya yi alamar da kansa. Malam Tanimu ya dangwala. Jarumtakata ke nan ta wannan makon, hannu a aljihu.

A tsakar gidana Malam Idirisa ya fasa simintin da ƴar wuƙa, a hankali, yana bismilla. Da ya buɗe, Tasalla ta ruga bayan rumbu. Na ji ta tana amai. Ta kuskure baki ta dawo ta ɗora kan Rabi a cinyarta, ta rufe mata ido da tafin hannu, tana cewa, "Kar ki duba, ɗiyata, dube ni."

Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Yana motsi.

Malam Idirisa ya dubi ciwon da kyau. Sannan ya ce, "Tanimu, ƙashi ne aikina. Wannan ya wuce maganar ƙashi. In na ce maka zan iya, na ci amanarka. Ku mai da ta."

Shi ne mutum na farko da ya faɗi gaskiya tun da abin nan ya faru, kuma ko ruwa bai sha ba ya tafi.

Lahadi, 24 ga Maris, da azahar

Tasalla ba ta matsa daga kanta ba. Ta dafa ruwa da gishiri, ta yayyage sabon zanenta, tana wankewa tana sauyawa. Ta dama kunu da sauran geron da muka ɓoye ma tsohuwa, tana ba ta da ludayi kaɗan-kaɗan.

Ta same ni a zaure ta ce, "Malam, tun ranar nan ba ka kalli yarinyar nan a ido ba. Lafiya?"

Na ce warin ne.

Ta ce, "Ba warin ba ne."

Litinin, 25 ga Maris, bayan la'asar

Mun mai da ta. Likitan fiɗa ya dawo. Ya duba, ya tambayi wa ya rufe ciwo da siminti. Ya ce da an kawo masa ita kwana biyar da suka wuce. Malam Tanimu ya ce, "Likita, ai nan take."

Za a yanke ƙasa da gwiwa, in ji likitan. Gobe da safe.

Talata, 26 ga Maris, tsakar rana

An yi.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na sa hannu a rahoton. Direkta ya ce Faransancina ya fi nasa.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Zazzaɓin ya sauka. Tana cin abinci. Tasalla ke zuwa kullum a motar kasuwa, ni ina tsayawa a baranda.

An liƙa sanarwa a ƙofar irjansi, da hatimi biyu. Cikin kowane mutum ɗari da aka karɓa a watan Maris, casa'in da bakwai sun gamsu ƙwarai. Na tsaya ina tunanin ukun nan. Su wane ne? Wa ya cika masu? Ina jin Majo ne ya gaji da gida na farko, hannunsa ya zame.

Ƙarƙashin sanarwar wata mata na wanke zawon ɗanta da ƙasa, don famfo bai zo ba.

Talata, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na koma wurin Direkta na ce a ba ni rahoton, akwai gyara. Ya ce ya isa Yamai tun makon jiya, har an yaba. Za a yi amfani da awona a nuna cewa nauyin jiki na da muhimmanci a dogon tsalle. Sunana zai fito.

Na fita na wanke hannu a randar masu gadi. Ban taɓa komai ba, amma na wanke.

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Biki. Tuta, ganguna, ɗalibai a rana tun ƙarfe bakwai, shida suka faɗi kafin manya su iso. Wata yarinya daga wata makaranta ta yi mita huɗu da goma, aka yi ta tafi. Ni na ja mata igiyar awo. Kaftin ɗin ya wuce ta gabana, ya ba ni hannu, bai gane ni ba. Hannunsa laushi, da ƙamshin turare.

An sallami Rabi shekaranjiya. Tana Jiratawa.

Na faɗa ma Tasalla komai. Tana tankaɗe, ba ta daina ba. Da ta gama ta ce, "Ba ni za ka faɗa ma ba."

Asabar, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Na je Jiratawa. Duk hanya ƙasa ce tsirara da gawar shanu, sai ka gangara fadama ka ga kore kamar wata ƙasa daban. Na sami Malam Tanimu a gonarsa yana buɗe ma albasa ruwa. Ya saki fartanya zai kama hannuna, na ce ya tsaya tukuna.

Na faɗa masa. Na ce ramin ba yashi a ciki. Na ce ni na baje amalanke biyu sama-sama, kaurin yatsa uku, don ya yi kyau a idon Kaftin. Na ce na san abin da ke ƙasa. Na ce bayan haka na rubuta cewa laifin jikinta ne, na sa hannu.

Ruwa na ta gudu ya cika fangali ya fara tsallakewa. Ya duƙa ya toshe shi da laka, ya buɗe na gaba. Sai da ya gama ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Tana gida. Ƙafarta ce, ba tawa ba."

Tana zaune kan tabarma a inuwar zaure, tana tsinke zogale a faranti. An sassaƙa mata sanduna biyu, suna jingine a bango. Ta gaishe ni kamar a aji. Na durƙusa na fara maimaitawa, ban kai rabi ba ta ce, "Na sani, Mushe."

Ta dakata da tsinke zogalen.

"Da safen ranar na je na taka ramin. Ɗan yatsana ya taɓa ƙasa."

Na ce, "To don mi kika yi tsallen?"

"Da na tsaya a bakin layi na dube ka. Na ce in babu lafiya Mushe zai hana ni. Sai ka ɗaga mani kai."

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Na ce zan sake rubuta wani rahoton in aika Yamai da kaina, ko mi zai faru. Ta ce in na ga dama. Na ce zan riƙa kawo mata darussa har ta yi jarrabawa.

Ta ce, "Ka ba Inna Tasalla ta kawo. Kai kar ka sake zuwa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce to.

Da na fito na tarar da Malam Tanimu yana ɗaure wani ƙullin albasa a bayan babur ɗina. Na ce, "Baba, don Allah bar shi, ban cancanta ba."

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya gwada ta da hannu ya ga ta kama.

Ya ce, "Ba taka ba ce. Ka kai ma matarka."